Shingen Kalmomi: Tarihin Lauyoyin Haƙƙin Ƙirƙira

Takardar mallakar ƙirƙira yarjejeniya ce tsakanin hukuma da wanda ya ƙago sabon abu. Shi zai bayyana wa jama'a sirrin abin a rubuce, ita kuma ta hana kowa ƙera shi, ko sayar da shi, ko shigo da shi ƙasar ba da izininsa ba, har zuwa wani wa'adi, wanda a yau shekara 20 ne a yawancin ƙasashe. Gona ana kewaye ta da shinge, in rigima ta tashi dattawa su je su duba kan iyaka da idonsu. Dabara kuwa ba ta da wurin kafa turke, da kalmomi ake shata iyakarta. Daga nan aka sami sana'ar lauyan ƙirƙira, mutumin da ke rubuta waɗannan kalmomi, ya kare su a kotu ko ya rusa na wani, ya kuma bi su ƙasa-ƙasa don kada su faɗi.

Dokar farko da ta tsara wannan al'amari ta fito ne a birnin Venis a 1474. Ta ba wanda ya kawo sabuwar na'ura kariyar shekara 10, wanda ya kwaikwaye ta kuma ya biya dinari 100 a lalata abin da ya ƙera. A Ingila abin ya faro ne a matsayin kyautar sarauta. Sarauniya Elizabeth ta ɗaya takan ba fadawanta buɗaɗɗiyar wasiƙa mai hatimi, ta ce su kaɗai za su sayar da gishiri, ko sitaci, ko karta, alhali ba su ƙago ko ɗaya ba. Farashi ya hau, talakawa suka koka. A shari'ar da aka fara a 1602, wani bafade mai suna Edward Darcy ya kai ƙarar ɗan kasuwa Thomas Allen saboda ya sayar da karta, alƙalai suka ce irin wannan babakere ya saɓa wa doka. A 1624 majalisa ta soke yawancin babakeren, amma ta bar wannan ƙofa: wanda ya fara ƙirƙiro sabon abu da gaske, a ba shi shekara 14. Masana da yawa na ganin an zaɓi wannan adadi ne don ya isa a yaye almajiran sana'a zubi biyu, tunda shekara 7 ake yi ana koyo a wurin maigida.

Har zuwa lokacin, aikin neman takarda aikin sanin ƙofofin fada ne. Abin da ya mai da shi aikin alƙalami shi ne bayanin ƙirƙira. Daga farkon ƙarni na 18 aka fara neman mai takarda ya ajiye rubutaccen bayanin abin da ya ƙago, kuma a 1778 alƙali Mansfield ya yanke cewa dole bayanin ya isa har gwanin wannan sana'a ya karanta ya ƙera abin da kansa. Richard Arkwright, attajirin masana'antar kaɗin auduga, shi ya fara ɗanɗana kuɗar wannan ƙa'ida. Ya rubuta bayanin takardarsa ta 1775 a dunƙule, ta yadda mai karatu ba zai gane komai ba. Da ya kai masu masana'antu ƙara a 1781, kotu ta ce bayanin duhu ne. A 1785 aka kawo shaidu, cikinsu har da Thomas Highs da wani mai gyaran agogo John Kay, suka ce dabarar ba tasa ba ce, aka soke takardar. Makamai biyun da aka kayar da Arkwright da su, wato rashin cikar bayani da cewa wani ya riga shi, har yau su ne lauyan wanda ake ƙara ke fara ɗauka. James Watt, mai injin tururi, ya sha tasa wahalar: takardarsa ta 1769, wadda majalisa ta tsawaita zuwa 1800, sai a 1799 kotu ta tabbatar da ingancinta, saura shekara ɗaya ta ƙare.

Samun takardar ma kansa tafiya ce mai nisa. Kafin 1852 sai takarda ta ratsa ofisoshi da dama a Landan, kowanne da nasa kuɗin, kuma mai son kariya a Ingila da Sukotlan da Ayalan sai ya kashe sama da fam 300. Sai aka sami mutane da suka san hanyar, suna karɓar lada su bi wa mai ƙirƙira takardarsa. Su ne wakilan rajista na farko. Dokar 1852 ta haɗe komai a ofis ɗaya, wakilan suka koma gwanayen rubuta bayani, suka kafa ƙungiyarsu a 1882. Tun daga nan sana'ar ta rabu biyu a Birtaniya: wakili, wanda galibi injiniya ne ko masanin sinadarai, shi ke rubutu, lauya shi ke tsayawa gaban alƙali.

A Amurka ne sana'ar ta yi ƙarfi sosai. Dokarsu ta farko ta fito a 1790, amma ta 1836 ce ta kafa ofis mai ma'aikatan bincike, waɗanda za su duba ko abin sabo ne kafin a ba da takarda. Ita ce kuma ta nemi mai nema ya nuna takamaiman ɓangaren da yake cewa nasa ne. Wannan ya zama abin da ake kira da'awa, 'yan jimloli masu lamba a ƙarshen takarda, kuma a kansu ake duk wani faɗa. In lauya ya faɗaɗa da'awa, sai ta haɗiye abin da aka riga aka sani, kotu ta soke ta. In ya ƙuntata ta, abokin gasa ya canja ƙusa ɗaya ya wuce abinsa. Gwanintar duka tana tsakanin waɗannan ramuka biyu.

Shari'ar injin girbi ta 1855 ta nuna yadda wannan fanni ya riga ya zama na ƙwararru. Cyrus McCormick ya kai ƙarar John Manny na garin Rockford, yana neman diyyar dala 400,000. Manny ya ɗauki George Harding na Filadelfiya, lauyan da ya san ƙarfe kamar maƙeri, wanda ya yi suna wajen kawo samfurin injuna cikin kotu ya nuna wa alƙali yadda kowane haƙori ke motsi. Tunda an zaci a jihar Illinois za a yi zaman, suka ɗauki wani lauyan yankin, Abraham Lincoln. Lincoln ba baƙo ba ne ga harkar, don a 1849 shi kansa ya sami takarda kan wata dabarar ɗaga jirgin ruwa in ya kafe a yashi. Ya je masana'antar Manny ya yi nazarin injin, ya shirya jawabinsa. Sai aka mai da shari'ar birnin Cincinnati, Harding da abokin aikinsa, lauya Edwin Stanton, suka ga ba su da sauran buƙatarsa, suka yi watsi da shi ba tare da ko ladabi ba. Bai yi fushi ya tafi ba. Ya zauna cikin 'yan kallo har aka gama, yana sauraron yadda mutanen da suka yi shiri na gaske ke warware injin daki-daki. Manny ya yi nasara. Bayan shekara bakwai, Lincoln yana shugaban ƙasa, ya naɗa wannan Stanton ɗin sakataren yaƙi.

A wannan zamanin ne kuma lauyoyi suka gano cewa ba kullum kotu ke da riba ba. Keken ɗinki ba mutum ɗaya ya ƙago shi ba: Elias Howe na da takardar 1846 kan allura mai ido a baki da ɗinkin zare biyu, wasu na da ta hanyar tura yadi, Isaac Singer na da nasa gyare-gyaren. Ba mai iya ƙera keke mai kyau bai taka gonar wani ba, sai kowa ya kai kowa ƙara, ribar tana tafiya aljihun lauyoyi. A 1856 Orlando Potter, lauya kuma shugaban kamfanin keken ɗinki na Grover da Baker, ya kawo shawara a zuba takardun a tukunya ɗaya. Duk mai son ƙera keke ya biya dala 15 kan kowane ɗaya, a raba, Howe ya ɗauki dala 5 kan wanda aka sayar a Amurka. Haɗakar ta ci gaba har 1877. Irin wannan tsari ne ake bi yau a fasahar bidiyo da ta wayar salula, inda na'ura ɗaya ke ɗauke da dubban takardu. Shi ma kamfanin Singer, wanda kekunansa suka cika shagunan teloli, lauya ne ya gina kasuwancinsa: Edward Clark, da ya shigo don kare Singer a kotu, ya zama abokin tarayya, ya kuma yaɗa sayar da keke ta biya kaɗan-kaɗan.

Kowa ya riga ka barci ya riga ka tashi. Ranar 14 ga Fabrairun 1876 lauyan Alexander Graham Bell ya shigar da takardar neman mallakar wayar tarho a Washinton, a ranar kuma lauyan Elisha Gray ya shigar da sanarwar irin wannan ƙirƙira. Bell aka ba, ranar 7 ga Maris. Ƙararraki kusan 600 suka biyo baya, har Kotun Ƙoli ta tabbatar masa a 1888 da rinjayen alƙalai 4 a kan 3.

Sana'ar tana da fuskarta marar kyau, kuma George Selden ne misalinta da ya fi fitowa fili. Lauyan ƙirƙira ne a garin Rochester. A 1879 ya nemi takarda kan abin hawa mai injin fetur, abin da bai ƙera don kasuwa ba. Ya san doka ta ba mai nema shekara biyu ya amsa kowace wasiƙar ofis, ya kuma san wa'adin shekara 17 daga ranar bayarwa yake farawa. Sai ya riƙa jan ƙafa, yana gyara da'awarsa, shekara 16 cur, har masana'antar mota ta kankama, sannan ya bari takardar ta fito a Nuwamban 1895. Manyan masu ƙera mota suka kafa ƙungiya a kanta, suna karɓar la'ada, suna kuma zaɓen wanda zai shiga kasuwa. Henry Ford ya ƙi biya. Aka kai shi ƙara a 1903, ya faɗi a 1909, ya ɗaukaka ƙara. A Janairun 1911 kotu ta ce takardar tana da inganci, amma injin samfurin Brayton kawai ta rufe, Ford da sauran kuwa samfurin Otto suke amfani da shi. Wayon Selden bai amfani kowa da wata sabuwar fasaha ba, cikas kawai ya zama. Amurka ba ta toshe ƙofar sosai ba sai a 1995, da ta koma ƙirga shekara 20 daga ranar shigar da nema.

Duk waɗannan rigingimu cikin gida aka yi su, domin takardar ƙirƙira ba ta ƙetare iyakar ƙasar da ta ba da ita. A ƙarni na 19 wannan babbar matsala ce. Mutum ya bayyana abinsa a Landan, kafin ya isa Paris wani ya riga ya yi rajista, ko a ce masa abin ya daina zama sabo. Holan ma soke dokarta ta yi a 1869, ba ta dawo da ita ba sai 1912. Da aka shirya baje kolin duniya a Viyana a 1873, masu ƙirƙira na waje, musamman Amurkawa, suka nuna tsoron kawo kayansu kada a kwafe. Tattaunawar da ta taso daga nan ta kai ga Yarjejeniyar Paris ta 20 ga Maris 1883, wadda ƙasashe 11 suka sa wa hannu. Ginshiƙanta biyu ne. Baƙo daga ƙasar da ke cikin yarjejeniyar a yi masa yadda ake yi wa ɗan ƙasa. Sannan wanda ya shigar da nema a ƙasa ɗaya yana da wa'adi, da farko wata 6, daga baya wata 12, ya shigar a sauran, a ɗauka tamkar ranar farko ya shigar. Wannan ranar fifiko ita ta haifi aikin kula da mallakar fasaha tsakanin ƙasashe. Wakili a Landan ya zama dole ya sami abokin hulɗa a Balin da Tokiyo da New York, da mai fassara, da littafin ranaku da ba a wasa da shi, don kuskuren kwana ɗaya na iya jawo asarar kasuwar ƙasa guda har abada.

Ƙaramin ofishin da ke kula da yarjejeniyar a birnin Bern ya haɗe da na haƙƙin marubuta a 1893, ya koma Geneva a 1960, ya zama Hukumar Mallakar Fasaha ta Duniya, WIPO, a 1970. Mutumin da ya fi kowa tasiri a wannan gini lauya ne haifaffen Hangare, Árpád Bogsch, wanda ya shugabanci hukumar daga 1973 zuwa 1997, kafin Kamil Idris ɗan Sudan ya gaje shi. Bogsch ne ƙashin bayan yarjejeniyar haɗin kai ta PCT, da aka sa wa hannu a Washinton a 1970 ta fara aiki a 1978. Jama'a kan zaci takardar duniya take bayarwa. Babu takardar duniya. Abin da take bayarwa lokaci ne: nema ɗaya, binciken farko ɗaya, sai mai nema ya sami wata 30 daga ranar fifiko kafin ya yanke ƙasashen da zai shiga, a cikin sama da 150. A nan ake gane mai kula da dukiyar fasaha na ƙwarai. Kowace ƙasa da kuɗin fassara, da na wakili, da na sabuntawa duk shekara, don haka yana tambayar ina ake ƙera kayan, ina ake sayar da su, ina abokin gasa ke da masana'anta, ina kotu ke aiki. Rabin aikinsa shi ne sanin takardar da za a bari ta mutu.

Turai ta kafa ofishin bai ɗaya a Munik bisa yarjejeniyar 1973, amma shari'a ta ci gaba da zama ƙasa-ƙasa, kuma wata 'yar na'urar cire gashi mai suna Epilady ta tona asirin wannan giɓi. Da'awar takardar ta ambaci lanƙwasasshen sifirin mai juyawa, wanda ke kama gashi tsakanin zobbansa ya tuge. Kamfanin Remington ya fito da tasa, ya sa sandar roba mai tsage-tsage a madadin sifirin, aikin kuwa ɗaya. A Landan alƙali Hoffmann ya ce wanda ya rubuta sifirin, sifirin yake nufi, roba ba ta shiga shingen ba. A Düsseldorf kotun Jamus ta ce gwani zai gane manufar ita ce kama gashi, don haka an taka haƙƙi. Takarda ɗaya, kalmomi ɗaya, hukunci biyu. Daga irin wannan ne zaɓen kotun da za a fara kai ƙara ya zama wani fanni na gwaninta. Kotun bai ɗaya ta Turai ba ta buɗe ba sai 1 ga Yunin 2023, kuma Birtaniya ba ta ciki.

Shari'ar da ta sa manyan kamfanoni suka daina raina takarda ita ce ta Polaroid da Kodak. A Afrilun 1976 Kodak ya fito da kyamarar da ke wanke hoto nan take, Polaroid ya garzaya kotu a Boston. Aka shafe shekaru ana musayar takardu da yi wa injiniyoyi tambayoyi kafin zaman kwana 75, inda Edwin Land, wanda ya kafa Polaroid, ya ba da shaida da kansa. A 1985 mai shari'a Rya Zobel ta ce Kodak ya taka takardu 7. A Janairun 1986 aka tilasta masa fita daga wannan kasuwa, ya rufe masana'anta, ya biya mutanen da kyamarorinsu suka zama ba su da fim. Diyyar da aka yanke a 1990 dala miliyan 909 ce, aka rufe magana a 1991 kan miliyan 925. Akwai darasi ga lauyoyi a ɓangaren da Kodak ya tsira: Polaroid ya nemi a ninka diyyar sau uku, kotu ta ƙi, saboda Kodak ya nuna shekara da shekaru yana neman shawarar lauyan ƙirƙira a rubuce kafin kowane mataki, don haka ba da gangan ya yi ba. A 1982 Amurka ta riga ta kafa kotun ɗaukaka ƙara guda ɗaya ga duk shari'un ƙirƙira, takardu suka ƙara daraja, kamfanoni irin su Texas Instruments da IBM suka mai da ba da lasisi babbar hanyar samun kuɗi. Lauyan da a da yake can ƙuryar ofis ya dawo teburin masu yanke shawara.

Daga nan masu takardu suka nemi dokar da za ta hau kan kowa. Shugabannin Pfizer da IBM na cikin waɗanda suka matsa a sa mallakar fasaha cikin tattaunawar cinikin duniya, aka sami yarjejeniyar TRIPS a Marakesh a 1994. Ta wajabta wa mambobin Ƙungiyar Ciniki ta Duniya kariyar shekara 20 a kowane fanni, har da magani. Wannan ya taɓa rayuka kai tsaye. Indiya daga 1970 zuwa 2005 hanyar haɗa magani kawai take karewa, ba maganin kansa ba, shi ya sa kamfanoninta suka ƙware wajen yin magani mai araha. Afirka ta Kudu, da cutar ƙanjamau ke yi wa ɓarna, ta yi doka a 1997 don sauƙaƙa shigo da magani mai rahusa. Kamfanonin magani 39 suka tsaya a kan ƙarar da aka shigar da gwamnatin Mandela a 1998. A lokacin maganin shekara guda ya haura dala 10,000, a Fabrairun 2001 kuwa kamfanin Cipla na Indiya ya ce zai bayar a dala 350. Lauyoyin ƙungiyar masu ɗauke da cutar suka nemi shiga shari'ar, kotun Pretoria ta amince, suka buƙaci kamfanonin su bayyana yadda suke tsayar da farashi. Ranar 19 ga Afrilun 2001 kamfanonin suka janye. A Nuwamban shekarar, sanarwar Doha ta tabbatar cewa ƙasa na da ikon ba da lasisin dole don lafiyar jama'arta. Shigar da ƙarar Pretoria kuskure ne na doka da na tausayi, kuma waɗanda suka kwance ta sun yi hakan ne da ilimin sana'ar nan ɗaya.

Indiya ta bi TRIPS a 2005, amma masu rubuta dokarta suka sa wani sashe, na 3(d), da ya ce sabon siffar tsohon sinadari ba ƙirƙira ba ce sai in ta ƙara ƙarfin warkarwa. Da shi aka hana Novartis takarda kan maganin sankarar jini Glivec a 2006. Kamfanin ya bi har Kotun Ƙoli, inda lauya Anand Grover ya tsaya wa ƙungiyar masu cutar daji, aka yanke hukunci ranar 1 ga Afrilun 2013 cewa ba a nuna ƙarin warkarwa ba. Jimla ɗaya a cikin doka ta bar maganin a hannun marasa ƙarfi.

Sai maganar ilimin gargajiya. A 1994 ofishin Turai ya ba kamfanin W. R. Grace da ma'aikatar gona ta Amurka takarda kan maganin cutar tsiro daga man darbejiya, itacen da ake kira dogon yaro, wanda asalinsa daga yankin Indiya ne kafin ya cika titunan Maiduguri da Kano da Maradi. 'Yar Indiya Vandana Shiva da abokan gwagwarmayarta suka shigar da ƙorafi. Cewa kaka da kakanni sun san amfanin darbejiya bai wadatar ba, sai da aka kawo wani ɗan kasuwar Indiya ya ba da shaidar gwaje-gwajen da ya yi da manoma tun shekarun 1980, da ma'auni da ranaku. Aka soke takardar a 2000, aka tabbatar a 2005. Haka takardar Amurka kan warkar da rauni da kurkum ta faɗi a 1997, bayan hukumar binciken kimiyya ta Indiya ta kawo tsofaffin rubuce-rubuce, har da na Sanskirit da wata maƙalar likitoci ta 1953. Dokar Amurka ta lokacin ba ta lissafa abin da ake yi a wata ƙasa in ba a rubuta shi ba. Wannan rashin adalci ne ga al'ummomin da iliminsu a baka yake. Indiya ta amsa da tattara magungunanta na gargajiya a rumbun kwamfuta tun 2001, ta buɗe shi ga masu binciken ofisoshin waje.

A Afirka tsarin gadon mulkin mallaka ne. A Najeriya, ƙarƙashin dokar 1925, sai mutum ya fara samun takarda a Landan sannan ya yi rajistarta a gida. Dokar 1970 ce ta ba ƙasar tsarinta. Ofishin rajista yana duba cikar takardu ne kawai, ba ya binciken ko abin sabo ne, doka ma ta ce ana ba da takardar ba tare da lamunin ingancinta ba. Nauyin tantancewa ya koma kan Babbar Kotun Tarayya, wato kan lauyoyi da shaidunsu. Hukumar NOTAP, da aka kafa a 1979, ita ke rajistar yarjejeniyoyin sayen fasaha daga waje, kuma ƙasar ta shiga PCT a 2005. Nijar da Chadi da Kamaru suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, wadda ta samo asali daga yarjejeniyar Libreville ta 1962 da ta Bangui ta 1977. Takarda ɗaya daga can tana aiki a ƙasashe 17. Gana da Sudan suna cikin ARIPO da ke Harare, wadda aka kafa a Lusaka a 1976. Najeriya ba mamba ba ce a ko ɗaya. Wanda ya ƙago injin sussuka a Kano yana son kariya a Maradi da Kumasi, ƙofa uku zai ƙwanƙwasa. Mafi yawan neman da ke shigowa waɗannan ofisoshi daga kamfanonin waje ne, don haka aikin lauyan gida ya fi karkata ga wakilci, masu iya rubuta da'awa tun daga tushe kuwa ba su da yawa, domin aikin na buƙatar wanda ya haɗa kimiyya da doka.

Tambayoyin da ke gaban sana'ar yanzu sun koma kan wane ne mai ƙirƙira da kuma daga ina ya ɗauko. A Disamban 2023 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa na'urar ƙirƙirarriyar basira ba za ta zama mai ƙirƙira a takarda ba, dole mutum ne, ko da yake Afirka ta Kudu, wadda ba ta yin binciken ƙwaƙƙwafi, ta riga ta ba da irin wannan takarda a 2021. A Mayun 2024 kuma mambobin WIPO suka amince da yarjejeniyar da aka shafe sama da shekara 20 ana tattaunawa: duk wanda ƙirƙirarsa ta dogara kan wani tsiro, ko wata halitta, ko ilimin gargajiya da ke tattare da su, dole ya bayyana ƙasar da abin ya fito da al'ummar da ta ba da ilimin. Yarjejeniyar ba ta shafi neman da aka shigar kafin ta fara aiki ba, kuma sharaɗin fara aikinta shi ne ƙasashe 15 su tabbatar da ita.